George Eastman: Akawun bankin da ya shigar da majigi gidajen mutane

A gidaje da dama a faɗin duniya, da ɗakunan ajiya na ma'aikatu da tsofaffin gidajen talabijin, akwai wasu gwangwanaye masu faɗi kamar faifai waɗanda aka daɗe ba a buɗe ba. Abin da ke cikinsu naɗin zaren fim ne: bikin aure, taron suna, saukar babban baƙo a filin jirgi, ko buɗe wata makaranta. Mafi yawan wannan zare daga masana'anta ɗaya ya fito, ko kuma an yi shi bisa ma'aunin da ita ta kafa, wato kamfanin Kodak na birnin Rochester a Amurka. Wanda ya kafa kamfanin, George Eastman, ya rasu tun 1932. Duk da haka, shawarar da ya yanke game da faɗin zaren da kuma sinadarin da za a yi shi da shi ita ce har yau take tantance abin da mai son mayar da tsohon fim zuwa tsarin dijital zai tarar idan ya ɗaga murfin gwangwanin.

Maraya mai littafin lissafi

An haifi George Eastman ranar 12 ga Yuli, 1854, a garin Waterville da ke jihar New York. Shi ne auta, yana da yayye mata biyu. Mahaifinsa yana da makarantar koyon harkar kasuwanci a Rochester, inda iyalin suka koma a 1860. Bayan shekara biyu mahaifin ya rasu ya bar su cikin ƙunci. Mahaifiyarsa, Maria Kilbourn, ta riƙa saukar da 'yan haya a gidanta tana dafa musu abinci don ta riƙe 'ya'yanta, ga kuma jinyar ɗaya daga cikin 'yan matan da ke fama da shan inna.

Yana da kimanin shekara 14 ya bar makaranta ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora, ana biyan sa dala 3 a mako. Tun daga lokacin ya ɗauki ɗabi'ar rubuta duk abin da ya shiga aljihunsa da abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa. Da dare yana koyon aikin akanta a gida, har a 1874 ya samu gurbin ƙaramin akawu a wani banki na birnin.

Wajen ƙarshen shekarun 1870 ya yi niyyar tafiya Santo Domingo, a yankin Karibiyan, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya ɗauko hotunan tafiyar. Da ya sayi kayan ɗaukar hoto, sai ya ga ashe kaya ne niƙi-niƙi. A wancan zamani mai hoto yakan shafa wa farantin gilashi sinadari, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa, ya ɗauki hoton kafin gilashin ya bushe, sannan ya wanke shi nan take cikin duhu. Saboda haka duk inda za shi sai ya tafi da kyamara mai girman akwati, da ƙafafun da za a ɗora ta, da tanti, da kwalaben sinadarai da tulun ruwa. Tafiyar ba ta yiwu ba. Abin da ya saura a ransa shi ne neman hanyar da za a rage wannan wahala har kowa ya iya ɗaukar hoto.

A mujallun Ingila ya karanta cewa wasu masu hoto suna gauraya sinadarin azurfa da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, su shafa a gilashi ya bushe, a ajiye shi sai ranar buƙata. Ya yi kusan shekara uku yana aikin banki da rana, da dare yana gwaje-gwaje a kicin ɗin mahaifiyarsa. A 1879 ya je Landan ya yi rajistar haƙƙin mallakar wata na'ura da ya ƙera mai shafa sinadarin a kan gilashi masu yawa bai ɗaya. A 1880 ya fara sayar da busassun farantai, a farkon 1881 kuma Henry A. Strong, mai masana'antar bulalar keken doki, ya zuba jari suka zama abokan kasuwanci. Cikin wannan shekara Eastman ya ajiye aikin banki.

Ba a jima ba sai farantan da ke hannun dillalai suka lalace, suka daina kama hoto. Eastman ya karɓe su ya maye gurbinsu da sababbi, abin da ya kusa karya shi. Bayan dogon bincike aka gano cewa laifin daga jelatin ɗin da aka sayo yake. Wannan ne karo na farko da ya gani da idonsa cewa kayan hoto suna canjawa ko da suna ajiye a kan kanta babu mai taɓa su.

Daga gilashi zuwa zare

Gilashi yana da nauyi kuma yana fashewa, don haka Eastman ya koma neman abin da za a iya naɗewa. Shi da William H. Walker sun fito da na'urar riƙe naɗin takarda mai ɗauke da sinadarin hoto a 1885. Ƙwararrun masu hoto ba su karɓe ta sosai ba, sai ya juya ga mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba. A 1888 ya fito da wani ƙaramin akwati da ya raɗa wa suna Kodak, kalmar da shi ya ƙago ta. Farashinsa dala 25, yana zuwa da naɗin da zai ɗauki hoto 100. Idan naɗin ya ƙare, sai mai shi ya aika da kyamarar gaba ɗaya Rochester tare da dala 10, a wanke masa hotunan, a sa sabon naɗi, a mayar masa. Aikin mai saye ya tsaya ga danna maɓalli, sauran na kamfani ne. A 1900 aka fito da kyamarar Brownie a kan dala 1, har yara suka fara ɗaukar hoto.

A 1889 masanin sinadaran kamfanin, Henry Reichenbach, ya samar da zare mai laushi wanda haske ke ratsawa. Wannan zare ne William Dickson, mai aiki a ɗakin binciken Thomas Edison, ya yi amfani da shi a gwaje-gwajen hoto mai motsi. Ya tsaga shi zuwa faɗin milimita 35, ya huda gefensa don haƙoran na'ura su riƙa jan sa, ma'aunin da ya zama na silima a duk duniya. Nasarar ba ta zo babu shari'a ba. Wani limamin coci mai suna Hannibal Goodwin ya riga ya nemi rajistar irin wannan zare tun 1887. Ya rasu a 1900, amma waɗanda haƙƙinsa ya koma hannunsu sun ci gaba da ƙara, har a 1914 Kodak ya biya dala miliyan 5. Gwamnatin Amurka ma ta maka kamfanin a kotu bisa zargin danne abokan gasa, shari'ar da aka rufe da yarjejeniya a 1921.

Zaren 1889 yana da babban aibi. Da naitiret ake yin sa, sinadarin da yake ɗan uwa ne ga audugar da ake haɗa albarushi da ita. Yana kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma idan ya kama ruwa ba ya kashe shi, domin shi da kansa yake samar da iskar da wutar ke ci. Gidajen silima sun riƙa killace na'urar haskawa a ɗaki na musamman saboda wannan. A 1929 tarin hotunan ƙashi na naitiret sun kama wuta a wani asibiti a Cleveland, hayaƙinsu mai guba ya kashe mutum 123. Irin wannan abu ba na kai wa falo cikin yara ba ne, kuma Eastman ya san haka tun kafin wannan gobara.

Shawarar 1923

A 1912 kamfanin ya buɗe ɗakin bincike ƙarƙashin C. E. Kenneth Mees. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa, John G. Capstaff, ya yi shekaru yana neman yadda za a sauƙaƙa fim ga magidanta. A silima, zaren da ya bi ta cikin kyamara yakan fito a juye, fari ya zama baƙi, sannan a buga wani zaren daga jikinsa don haskawa. Wannan kuɗi biyu ke nan. Capstaff ya inganta hanyar wanki wadda za ta mayar da zaren da aka ɗauki hoton da shi ya zama shi ne za a haska kai tsaye.

Eastman ya amince da shirin bisa sharaɗin cewa ba za a yi zaren gida da naitiret ba. Sai aka yi shi da asitet, wanda ba ya ci da wuta irin wancan. An kuma zaɓi faɗin milimita 16 da gangan. Da an ce rabin 35 ne, wato 17.5, da wasu sun riƙa tsaga zaren silima mai haɗari gida biyu suna sayar wa jama'a. A Faransa kamfanin Pathé ya riga ya fito da nasa zaren gida mai faɗin milimita 9.5 a 1922. A 1923 Kodak ya fito da kyamarar Cine-Kodak da majigin Kodascope. Cikakken kayan, har da allon haskawa, dala 335 ne, kuɗin da sai mai hali. Da hannu ake juya kyamarar farko, kuma naɗi mai tsawon ƙafa 100 yana ba da fim na kusan minti huɗu, bisa gudun hoto 16 a daƙiƙa.

Abu biyu suka biyo bayan wannan shawara, kuma su ne jigon aikin masu ceton fina-finan gida a yau. Na farko, wanda ya tarar da zaren Kodak mai faɗin milimita 16 ko 8 a ɗakin kakansa ba ya cikin haɗarin gobara, domin kamfanin bai taɓa yin waɗannan da naitiret ba. Tsohon zare mai faɗin milimita 35 da aka yi kafin farkon shekarun 1950 shi ne abin tsoro, kuma sai ƙwararru. Na biyu, tun da zaren da ya bi ta cikin kyamara shi ne wanda ake haskawa, galibin fina-finan gida kwafi ɗaya tak gare su a duniya. Babu wani asali da aka ajiye a wani wuri. Idan wannan ya lalace, fuskokin da ke cikinsa sun tafi ke nan.

Dukiya da halayya

Eastman bai taɓa aure ba. Ya zauna da mahaifiyarsa har rasuwarta a 1907, a katafaren gidan da ya gina a titin East Avenue na Rochester. Mutum ne mai kamewa, marar son a ɗauke shi hoto duk da sana'arsa. Son tsari ya kai shi ga goyon bayan kalanda mai wata 13, kowane wata kwana 28, don lissafin wata-wata ya daidaita, kuma kamfaninsa ya yi shekaru da dama yana amfani da ita a cikin gida.

A 1912 ya fara ba ma'aikata kaso daga ribar shekara, a 1919 kuma ya ware musu kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa. Kyautar da ya yi a rayuwarsa ta haura dala miliyan 100. Ya ba cibiyar fasaha ta MIT miliyoyin daloli da sunan aro, aka yi shekaru ba a san ko wane ne ba. Ya gina makarantar kiɗa da gidan wasa a Rochester, ya tallafa wa jami'ar birnin, ya kafa asibitocin haƙori na yara a Rochester da Landan da Roma da Paris da Brussels da Stockholm. Ya kuma ba makarantun baƙaƙen fata na Tuskegee da Hampton kuɗi masu yawa. Sai dai a masana'antarsa baƙaƙen fata ba su samu gurbin aiki na a zo a gani ba a zamaninsa, kuma bai bar ƙofa ga ƙungiyar ƙwadago ba. Alherinsa na uban gida ne, wanda shi ke yanke abin da za a bayar da wanda za a ba.

A 1925 ya sauka daga gudanar da harkokin yau da kullum ya zama shugaban hukumar daraktoci. A shekarar da ta biyo ya tafi farauta Kenya, inda ma'aurata masu ɗaukar fim Martin da Osa Johnson suka yi masa jagora, ya kuma riƙe Cine-Kodak ɗinsa. An ruwaito cewa wata rana karkanda ta taso masa, ya tsaya yana ɗaukar ta har sai da maharbin da ke tare da shi ya kayar da ita 'yan taku kaɗan daga inda yake.

A watan Yulin 1928 ya tara manyan baƙi a lambun gidansa, ciki har da Edison, don nuna Kodacolor, fim ɗin gida mai launi na farko daga kamfanin. Dabarar tana da ban mamaki. Zaren baƙi da fari ne, amma an matsa wasu ƙananan layuka masu aiki kamar tabarau a bayansa, kuma launin ba ya fitowa sai an sa matata mai kala uku a bakin kyamara da na majigi. Wanda ya tsinci irin wannan zare a yau zai ɗauka baƙi da fari ne mai 'yan zane-zane. Idan aka ɗauke shi da sikana mai kaifi, ana iya dawo da launin da kwamfuta.

A shekaru biyu na ƙarshen rayuwarsa ciwon ƙashin baya ya kama shi, tafiya ta zama masa wahala. Ya riga ya ga yadda mahaifiyarsa ta ƙare a keken marasa lafiya. Ranar 14 ga Maris, 1932, bayan ya sa hannu a gyaran wasiyyarsa a gaban shaidu, ya harbe kansa a ɗakinsa. Yana da shekara 77. Ya bar gajeriyar takarda ga abokansa mai nuna yana ganin ya kammala aikinsa. An binne tokarsa a harabar masana'antar Kodak Park.

Abin da ya biyo bayansa

'Yan watanni bayan rasuwarsa kamfanin ya fito da zare mai faɗin milimita 8, wanda arharsa ta kai fim gidajen masu matsakaicin ƙarfi. A 1935 Kodachrome ya zo, ƙirƙirar wasu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, kuma launinsa yana daɗewa ƙwarai idan an ajiye shi a duhu. A 1965 aka fito da Super 8, wanda ake cusa wa kyamara cikin ɗan akwati.

Darajar irin wannan ɗan zare ta bayyana ranar 22 ga Nuwamba, 1963, lokacin da wani mai sana'ar tufafi a Dallas, Abraham Zapruder, ya ɗauki wucewar motar Shugaba John F. Kennedy da kyamararsa ta gida. Hoto 486 ne, ƙasa da rabin minti, kuma a ma'aikatar Kodak ta Dallas aka wanke shi a ranar. Ya zama babbar shaida game da kisan. A 1997 aka kwafe shi zuwa dijital hoto bayan hoto, a 1999 kuma aka yanke cewa gwamnatin Amurka ta biya iyalinsa dala miliyan 16 a kan ainihin zaren. Samun kwafin dijital bai rage darajar asalin ba.

Asitet ɗin da ya tsare gidaje daga gobara yana da tasa cutar. Zafi da laima suna sa shi ya riƙa sakin tsami mai warin ruwan khal. Tsamin kuma yana ƙara hanzarta ruɓewar, har ya shafi gwangwanayen da ke kusa. Zaren yakan tsuke, ya lanƙwashe, ya yi ƙarau-ƙarau, fatar da ke ɗauke da hoton ta rabu da jikinsa. Rahoton farko da Kodak ya samu game da wannan cuta a sabon nau'in asitet daga gwamnatin Indiya ya zo, ƙasa mai zafi da laima. Binciken da aka yi a Rochester ya nuna cewa a ɗaki mai sanyin digiri 21 da matsakaiciyar laima, sabon zare yana iya kai kimanin shekara 40 kafin warin ya fara. A ɗakin da zafi ya kai digiri 30, lokacin bai kai rabin haka ba. Babu maganin da ke mayar da zaren yadda yake. Sanyi da bushewa ne kawai ke rage gudun cutar.

Wani abin lura shi ne, a cikin Kodak aka ƙera abin da ya kawar da fim daga kasuwa. A 1975 wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital mai nauyin kilo uku da rabi, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Kamfanin ya yi jinkirin sakin cinikin fim da ke kawo masa riba. An daina yin Kodachrome a 2009, a watan Janairun 2012 kuma Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi.

Yadda ake ceton zaren

A shekarun 1980 da 1990 mutane da yawa sun mayar da fina-finansu zuwa kaset ɗin bidiyo, wasu suka zubar da zaren. Sun yi asara, domin kaset ɗin VHS bai ɗauki ko kusa da bayanin da ke jikin fim ba, shi ma yana lalacewa, kuma an daina ƙera na'urar kunna shi a 2016. Hanyar da aka bi a lokacin, ta haska fim a allo a ɗauka da kyamarar bidiyo, tana haifar da ƙyaftawar haske, saboda fim ɗin gida yana gudu a kan hoto 16 ko 18 a daƙiƙa, talabijin irin ta Najeriya kuwa 25.

A yau ƙwararru suna farawa da duba zaren da hannu a kan tebur, su gyara mahaɗar da ta kwance, su share ƙura. Ba a sa tsohon zare a majigi don a ga abin da ke ciki, domin idan ya tsuke hujojin gefensa ba za su dace da haƙoran na'urar ba, sai ta yayyaga shi, fitilarta kuma tana iya ƙona shi. Akwai 'yan takardun gwaji da ake sawa cikin gwangwani, launinsu ya juya daga shuɗi zuwa kore ko rawaya gwargwadon tsamin da ke ciki, da haka ake sanin wanda za a fara ceto. Daga nan sai sikana mai fitila marar zafi, wadda ke jan zaren a hankali ba tare da haƙora ba, ta ɗauki kowane hoto shi kaɗai. A kwamfuta ake daidaita gudun da launin.

Akan fitar da kwafi iri biyu: babban fayil wanda ba a matse shi ba don ajiya, da ƙarami irin MP4 don kallo da turawa. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a yi kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, a kuma riƙa sabunta su, domin rumbun kwamfuta yana iya mutuwa cikin 'yan shekaru ba tare da gargaɗi ba. Shi kuwa zaren, a mayar da shi wuri mai sanyi da bushewa, a ware masu wari daga masu lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani: sikanar gobe za ta fi ta yau, kuma ido da fitila kaɗai sun isa a ga hoton da ke jikin fim. Gidan Eastman da kansa ya zama gidan tarihin hoto da fim a 1949, kuma tun 1996 akwai makarantar koyon adana fim a cikinsa.

Rabon Najeriya

Zaren milimita 16 ya zo ƙasar nan da ƙarfinsa. Shi ne motocin majigi suka riƙa yawo da shi gari-gari tun zamanin mulkin mallaka suna nuna fina-finan kiwon lafiya da noma, kuma da shi gidajen talabijin na farko suka ɗauki labarai kafin zuwan bidiyo. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da hedikwata da ma'ajiyar fim a Jos. A cikin kayan hukumar aka gano naɗe-naɗen Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan an daɗe ana zaton ya ɓata. An gyara shi a tsarin dijital tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Wancan fim ya samu masu neman sa saboda sunansa. Gwangwanayen da ke sito na ma'aikata, ko cikin akwatin wani tsohon jami'i da ya yi karatu ko aikin jakadanci a waje ya dawo da kyamara, babu mai neman su, kuma zafin ɗakin da suke yana cin su kowace damina. UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da irin wannan gado na sauti da hoto.

Matakin farko na ceton su ba ya buƙatar sikana ko kasafin kuɗi. Aikin akawu ne, irin wanda Eastman ya fara da shi: a ƙirga gwangwanayen, a ba kowanne lamba, a rubuta faɗin zaren da abin da ke kan murfin da ko yana wari, a ɗauke su daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa ɗaki mafi sanyi a ginin. Fina-finan gida galibi ba su da murya, ba su faɗin sunan kowa. Don haka bayan an kwafe su, sai a zaunar da dattawan da suka rage a gaban allo, da biro da takarda, su faɗi su wane ne a ciki, a ina ne, kuma wace shekara.